Kifin da Ke Laluben Hanya da Lantarki a Duhun Kogin Amazon

In aka zura bakin wayoyi biyu cikin kogin Amazon da dare, aka haɗa ɗaya ƙarshen da ƙaramar lasifika, kunne zai ji wani fito siriri mai ɗorewa, babu tsayawa balle jan numfashi. In aka ƙara kasa kunne sai a ji ashe fiton da yawa ne, wani a sama wani a ƙasa, kamar an tara masu busa sarewa kowa ya riƙe murya ɗaya ya ƙi saki. Lantarki ne kifaye ke zubawa cikin ruwa, lasifikar kuwa ta mayar da shi sauti. Masu muryar da ta fi kowace tashi sama su ne dangin kifin da masana ke kira Apteronotidae.

Bahaushe ya san kifi mai lantarki tun kaka da kakanni. Duk masuncin da ya taɓa kai hannu kan minjirya a cikin koma ba ya bukatar bayani, domin girgizarta kan kai bolt 350. A Kudancin Amurka ma akwai wani dogon kifi mai kama da maciji, Electrophorus, wanda a 2019 masana suka raba shi nau'i uku, kuma aka auna bolt 860 a jikin ɗaya daga ciki. Waɗannan makami suke riƙe da shi. Kifayen da nake son mu duba kuwa wutarsu ba ta kai bolt ɗaya ba, mutum zai riƙe su a tafin hannu bai ji komai ba. Amfaninta a wurinsu shi ne amfanin ido da baki a wurinmu, kuma a ganina wannan ya fi girgizar minjirya ban al'ajabi.

Ana ce musu kifin wuƙa saboda siffarsu: faɗi a gaba, sirancewa a baya, kamar ruwan wuƙa. Babban rukuninsu, Gymnotiformes, ya kasu dangi biyar, nau'insu ya haura 250, kuma dukkansu a ruwan daɗi na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suke. Dangin Apteronotidae shi ya fi yawa, da nau'i sama da 90, daga Panama har arewacin Ajantina, amma cibiyarsu kogin Amazon da na Orinoko. Wanda duniya ta fi sani shi ne Apteronotus albifrons, baƙi wuluk mai zobe biyu farare a wutsiya, wanda kan kai rabin mita. Masanin nan na Suwidin, Linnaeus, ya rubuta shi tun 1766. Mutanen Brazil na ce masa ituí-cavalo, masu kiwon kifin ado kuma suna ce masa baƙar fatalwa.

Wanda ya kalle shi a akwatin gilashi zai gane dalilin sunan. Da rana yana lafe cikin kogon itace ko guntun bututu. Da an kashe fitila sai ya sulalo, jikinsa a miƙe sambal kamar sanda, ba ya kaɗa wutsiya irin ta sauran kifaye. Wani dogon fiffike ne da ya taso daga ƙasan maƙogwaro har kusan ƙarshen jiki yake kaɗawa, kamar gefen zane a iska. In kaɗawar ta nufi baya sai ya yi gaba, in ta nufi gaba sai ya ja da baya, ba tare da ya juya ba. Kayan cikinsa duk a cure suke kusa da kai, har duburarsa ma a ƙarƙashin maƙogwaro take. Sauran jikin tsoka ce da gaɓar da ke samar da wuta.

Miƙewar jikin nan tana da dalili. Wutar da yake fitarwa tana kewaye shi kamar riga, a fatarsa kuma akwai dubban ƙananan ƙofofi masu jin lantarki. Abu mai rai, kamar tsutsa ko ƙaramin jatan lande, ya fi ruwan kogi saurin ɗaukar wuta, dutse kuwa tare ta yake yi. Don haka duk abin da ya matso sai ya sauya yadda wutar ke ratsa fata a daidai wurin, tamkar inuwa a bango. Da kifin yana lanƙwasa jiki a kowane motsi, da inuwar ta riƙa rikicewa. Gani ne na kusa, bai cika wuce tsawon jikinsa ba, shi ya sa yakan bi ta gefen abinci ya dawo da baya, yana shafa shi da wuta daga wutsiya zuwa kai, kafin ya kai baki. A ruwan da taɓo ya turniƙe, a zurfin da hasken rana ba ya kaiwa, wannan ya fi ido amfani. Akwai ma wani nau'in, Orthosternarchus tamandua, mazaunin can ƙasan manyan koguna, wanda idonsa ya ƙanƙance ya zama ɗigo, jikinsa ya koɗe ya yi fari-fari.

Abu uku ke raba dangin Apteronotidae da sauran huɗun. Su kaɗai ke da ɗan ƙaramin fiffike a ƙarshen wutsiya. Suna kuma da wani zaren nama kwance a tsakiyar gadon baya. Na ukun shi ne mai nauyi. A duk sauran kifayen lantarki, har da minjirya, gaɓar wutar daga tsoka ta samo asali. A wurin waɗannan kuwa jijiyoyin da suka fito daga laka ne suka kumbura suka zama gaɓar. Jaririn kifin yakan fara da irin ta tsoka, yana girma sai ta jijiya ta maye gurbinta. Jijiya ta fi tsoka sauri, shi ya sa babu kifin da ke kamo ƙafarsu: wutar gidajenmu tana kaiwa da komowa sau 50 a sakan ɗaya, wasu daga cikinsu kuwa suna kaiwa kusan sau 2,000. Haka suke yi dare da rana, a farke ko a hutu, kuma tazarar bugun tana cikin mafi daidaito da aka taɓa aunawa a jikin wani mai rai.

Kowane kifi da tasa muryar. A nau'in Apteronotus leptorhynchus, namiji kan buga tsakanin sau 800 zuwa 1,000 a sakan, mace kuma tsakanin 600 zuwa 800, saboda haka tun kafin a haɗu an san wa ke tafe. Lokacin faɗa ko neman aure sukan ɗaga muryar farat ɗaya na ɗan ƙiftawar ido su sauke, kuma irin ɗagawar da ake yi wa abokin hamayya daban take da wadda ake yi wa mace.

To, in biyu masu murya kusan ɗaya suka haɗu fa? Wutarsu sai ta cakuɗe, kamar tashoshin rediyo biyu a zango ɗaya, kowa ya makance. Wasu masanan Japan biyu, Watanabe da Takeda, su suka gano mafitar a 1963 a jikin Eigenmannia, ɗan wani dangin na kusa: mai muryar sama ya ƙara hawa, mai ta ƙasa ya ƙara sauka, har tazara ta samu. 'Yan Apteronotidae su hawa kawai suke yi. Walter Heiligenberg ya shafe shekaru a Kalifoniya yana bin wannan ɗabi'a jijiya bayan jijiya, daga fata zuwa ƙwaƙwalwa zuwa gaɓar wuta, har ta zama ɗaya daga cikin ɗabi'un da aka fi fahimtar hanyarsu a ƙwaƙwalwar dabba mai ƙashin baya.

Wurin da ya fi ba masana wuya shi ne rarrabe nau'i, domin ido ya sha yaudararsu. A 1868 aka rubuta wani kifi da yanzu ake kira Sternarchogiton nattereri, mai ɗan baki marar tsoratarwa. A 1936 aka samo wani mai kumburarren muƙamuƙi, haƙora tsirara a wajen baki, aka ba shi suna daban da gida daban, Oedemognathus exodon. Shekaru kusan saba'in suna zaune a littattafai a matsayin baƙin juna. Sai a shekarun 2000 aka tabbatar kifi ɗaya ne: mai haƙoran wani ƙasaitaccen namiji ne na nau'in farko, kuma tabon da ake gani a jikin irinsa na nuna faɗa suke yi da su. An yi irin wannan kuskure da Parapteronotus hasemani, wanda muƙamuƙin manyan mazansa ke tsawo har aka ɗauke su wani nau'i. Shi ya sa mai rarrabewa a yau ba ya tsayawa kan siffar kai. Yana ƙirga ƙasusuwa, ya duba ƙwayoyin gado, in kifin na da rai kuma ya naɗi muryar wutarsa.

Bakinsu ma labari ne. Gidan Sternarchorhynchus, mai nau'i sama da 30, yana da dogon baki lanƙwasasshe kamar bututu, da shi yake zuƙo tsutsotsi daga ramukan ƙasan kogi. A 1996 kuma aka bayyana wasu masu manyan haƙora, aka sa musu Magosternarchus, waɗanda aka riƙa tarar da wutsiyoyin wasu kifayen wuƙa a cikinsu. Wanda aka gutsure bai cika mutuwa ba, tun da kayan cikinsa na can gaba. Wutsiyar takan sake tsirowa, har da laka da gaɓar wuta, abin da ya sa masu binciken raunin laka ke sa ido a kansu.

Akwai zaren da ya ɗaure wannan labari da ruwanmu. A kogin Neja da Binuwai da Tafkin Chadi akwai ɗan sarki, Gymnarchus niloticus, dogon kifin nan mai tsada. A jikinsa ne Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya fara gano wannan raunanniyar wuta a 1951, bayan ya lura kifin na ja da baya ba ya karo da komai. A 1958 shi da Ken Machin suka nuna yana iya bambance tukwanen ƙasa biyu masu kama ɗaya ta abin da aka ɓoye a cikinsu. Ɗan sarki ma yana miƙe jiki, yana tafiya da dogon fiffike ɗaya, yana kauce wa muryar ɗan'uwansa. Duk wanda ya jera shi da baƙar fatalwa zai rantse 'yan gida ɗaya ne. Amma fiffikensa a baya yake, nasu a ciki, kuma shi danginsa su bargi ne, su kuwa kifayen wuƙa na Amurka sun fi kusa da tarwaɗa. Kowane ɓangare da kansa ya kai ga wannan baiwa, teku na tsakaninsu. Darwin ya lissafa gaɓar lantarkin kifi cikin abubuwan da suka ɗaure masa kai a 1859, kuma sai a 2014 wani bincike ya nuna cewa zuri'o'in da ba su haɗa hanya ba sun yi amfani da kusan ƙwayoyin gado iri ɗaya wajen mayar da tsoka batir.

Abin da ke damuna shi ne wutar da ba ta tsayawa tana cin iskar numfashi. Yawancin 'yan Apteronotidae ba sa jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci, wasu kuma ba a san su a ko'ina ba sai a gangaren duwatsun kogi ɗaya. A kogin Xingu na Brazil, madatsar Belo Monte da ta fara aiki a 2016 ta karkatar da mafi yawan ruwan wani dogon lanƙwasa mai gangaren duwatsu, irin mazaunin da masu bakin bututu ke nema. Har yanzu ana ci gaba da samo sababbin nau'i a irin waɗannan wurare, wasu daga 'yan samfura kaɗan da ke kwance cikin kwalabe a gidajen adana kayan tarihi.