Hoton da Kika Ɗauka Dukiyarki Ce

Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da 'yan uwanmu mata na Dogon Dawa da sauran ƙasar Birnin Gwari. Yau hirar tamu a kan wata dukiya ce da ke kwance cikin wayarki, wataƙila ba ki ma san dukiya ba ce, wato hotunan itatuwa da furanni da hadari da kike ɗauka don sha'awa.

Kin ga katin barka da Sallah, da katin gayyatar biki, da kalandar da ake rabawa? Masu buga su a Kaduna da Zariya da Funtuwa suna buƙatar hoton da za su ƙawata su da shi. Sau da yawa sai ki ga an ɗora furen wata ƙasa, ko dusar ƙanƙarar da ba mu taɓa gani ba, alhali ga ni'ima Allah ya zuba mana a gida. Dajin Kamuku da ke ƙasar nan tamu, tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa. A cikinsa akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema, ga doka da maje da kaɗanya da ɗorawa.

Amma fa ki ji ni da kyau: ban ce ki aiki yaro daji ɗaukar hoto ba. Duk mun san abin da ƙasar nan ta gani na 'yan bindiga, kuma babu hoton da ya kai rai. Abin da ke tsakar gidanki ya isa: furen zogale, raɓa a kan ganyen lalle, dawa ta fitar da kai a bayan katanga, hadarin Agusta yana haɗowa daga gabas. Ta fuskar addini ma hankalinki ya kwanta, domin ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Abin da ya shafi tsuntsu ko dabba kuwa, a tambayi malamai.

To, hoton na wane ne? Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A dokar nan, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi. Ko da wayar maigida kika ara kika ɗauka, hoton naki ne, wayar ce tasa. Ba sai kin yi rajista ba. Da kin ɗauka haƙƙin ya tabbata. Yana nan har shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a da yardarki, kuma magada suna gadonsa kamar sauran dukiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ke da kika tashi cikin manoma kin san bambancin ba da hayar gona da sayar da ita. Hoto ma haka yake, hanya 3 ce. Ta farko, ki ba mai buga kati izini ya yi amfani da shi, ke kuma kina da damar ba wa wani. Ta biyu, ki ba shi izini shi kaɗai na wani lokaci, ba ki ba kowa sai wa'adin ya cika. Wannan ta fi tsada. Ta uku, ki sayar masa ɗungurungum, ya zama ko ke sai da izininsa. Doka ta ce ta biyu da ta uku ba su tabbata sai a rubuce. Ta farko kuwa tana ƙulluwa ko da baki, har ma ana iya fahimtarta daga yadda kuka yi mu'amala. Kin ga ke nan kalmar nan tamu ta kunya, "ba komai, ɗauka," tana iya zama izini. Shawarata, ki tsaya a haya. Gonar da aka sayar sau ɗaya ake cin kuɗinta.

Ko wace hanya kika bi, a rubuta, ko da a saƙon waya ne, da Hausa ko da ajami. Abu 5 za a faɗa: wane hoto ne, a kan me za a buga shi, kati kaɗai ko har da kalanda, guda nawa, zuwa yaushe, nawa za a biya kuma yaushe. Misali, a ce kati 500 na ƙaramar Sallah ɗaya. In ya so ƙari, ko ya so sa shi a kalanda, sabon ciniki ne. Ki nemi a ba ki kuɗinki a dunƙule kafin a buga, domin kina cikin gida, ba ki da yadda za ki ƙirga katin da aka sayar a kasuwa. In ba ki so sunanki ya fita, sai a sa alkunya, kamar Maman wance.

Wa zai yi miki cinikin? Da iznin maigida, shi ko ɗanki ko ƙaninki zai iya zama wakili. Sai dai a rubuta cewa wakili ne, mai hoton ke ce. Wannan ba rashin yarda ba ne, maganin rigimar gobe ne.

Saura dabarun turawa. In kika tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, yana rage masa ƙarfi. Wannan ragaggen shi za ki fara nunawa, ki rubuta sunanki a tsakiyarsa. Na asalin yana wurinki sai kuɗi ya shigo, sannan ki tura shi a matsayin fayil don ya fito tas a takarda. Kuma kada ki goge shi, shi ne shaidarki. Kafin ki ɗauka, ki sa a kashe miki abin da ke nuna wuri a kyamarar wayar, domin hoto na asali yakan tafi da bayanin inda aka ɗauke shi. Ki kuma duba gefe da gefe: kada fuskar kishiya, ko yaro, ko ƙofar ɗaki, ko turken shanu su shiga ciki. Sirrin gida ya fi kuɗin kati.

In kuwa kika ga hotonki a katin da ba ki ba da izini ba, kada ki ce ai hoto ne kawai. A ajiye katin, wakilinki ya je da na asalin a yi magana ta lalama, a biya ki. In abin ya faskara, akwai Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, akwai kuma kotu. Haka nan ke ma kada ki kwafi hoton wata ki ce naki ne. Haƙƙi ne, kuma Allah zai tambaya.

Ban ce miki za ki yi arziki da wannan ba, uwargida. Amma kuɗin sabulu ne da littafin yara, ba wuta ba hayaƙi, ba kuma talla. Gobe da hantsi ki goge idon kyamarar da gefen zane, ki ba rana baya, ki gwada da zogalen gidanki.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a neman halal ɗinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.