Ciwon Diddige na Tantanin Tafin Ƙafa: Ganewa da Magancewa

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ciwon diddige mai tasowa daga tantanin tafin ƙafa ana gane shi ne ta hanyar tambaya da taɓawa, kuma miƙa ƙafa da haƙuri su ne tushen maganinsa. Mun ga dacewar yin wannan bayani domin sau da yawa majinyaci yakan ƙarar da kuɗinsa wajen hoton ƙashi da allurai, alhali kuwa ba can maganin yake ba.

Asalin Ciwon

A tafin ƙafa akwai wani tantani mai kauri wanda ya taso daga ƙashin diddige ya bazu zuwa gindin yatsu, yana riƙe da lanƙwasar ƙafa kamar yadda tsarkiya ke riƙe da baka. Idan nauyi ya yi masa yawa, sai ya riƙa tsattsagewa kaɗan-kaɗan a mahaɗarsa da ƙashi. A da an ɗauka kumburi ne, amma binciken da Lemont da abokan aikinsa suka buga a 2003 ya nuna lalacewar tantanin ce ta fi yawa. Ciwon ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu ƙiba, da masu wuni a tsaye, da 'yan tsere, da waɗanda agararsu ta ɗaure.

Yadda Ake Gane Shi

Babbar alama ita ce zafi mai suka a takun farko da asuba, ko bayan dogon zama. Yakan lafa in an ɗan taka, sa'an nan ya dawo da yamma. Idan likita ya danna ƙasan diddige ta gefen ciki, ko ya tanƙwara babban yatsa sama, zafin zai tashi. Tsinin ƙashi da akan gani a hoto ba hujja ba ce, domin mutane da dama suna da shi ba tare da ciwo ba. Sai dai in akwai dindiris, ko kumburi, ko zazzaɓi, ko zafi cikin dare, wajibi ne a nemi wani dalili, musamman ga mai ciwon sukari.

Magani

Matakin farko shi ne rage tsayuwa, da barin tafiya ba takalmi a kan daɓe, da sa takalmi mai taushin diddige. Sa'an nan majinyaci ya zauna, ya ɗora ƙafar a kan gwiwa, ya ja yatsun sama na daƙiƙa 10, sau 10, sau uku a rana, tun kafin takun farko. Haka kuma ya riƙa miƙa sha-raɓa yana dafe da bango. Allurar kotizon takan kawo sauƙi na kimanin wata guda, amma maimaita ta na iya tsinke tantanin ko zaftare kitsen diddige. Ba a zancen tiyata sai an shafe wata 6 zuwa 12 ana magani babu sauƙi.

Kammalawa

A taƙaice, fiye da kashi 80 cikin 100 na majinyata sukan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Saboda haka muna kira ga ma'aikatan lafiya da su shaida wa majinyaci tun ranar farko cewa warakar za ta ɗauki watanni, domin wanda bai san haka ba shi ne ke yanke ƙauna ya koma neman allura.