Ko Ka Sani? Ciwon Kunne Na Iya Sauya Idon Kyanwa

Ko ka san cewa kyanwa na iya kwana lafiya lau, gari ya waye idonta ɗaya ya sauya kama, alhali shi idon kansa ƙalau yake? Sai ka ga baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya zama siriri ko a cikin duhu, fatar ido ta sama ta sauko kamar ta mai jin barci, ƙwayar idon ta ɗan lume ciki, sannan wata farar fata ta taso daga kusurwar da ke wajen hanci ta rufe wani sashe na idon. Wani lokaci kunnen wannan ɓangaren yakan fi ɗaya kunnen ɗumi. Ɗaya idon kuwa yana nan garau.

Likitoci na kiran wannan larurar Horner, da sunan Johann Friedrich Horner, likitan ido na birnin Zurich a ƙasar Suwizalan, wanda ya bayyana alamominta a jikin ɗan Adam a 1869. Amma a jikin dabbobi aka fara gano asirin. Tun a 1727 wani likita Bafaranshe, Pourfour du Petit, ya lura cewa idan aka yanke wata jijiya a wuyan kare, idonsa na wannan gefen yakan sauya. A 1852 kuma Claude Bernard ya zurfafa binciken a kan zomaye.

To mene ne haɗin wuya da ido? Akwai jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin mai su ba. Su ne ke buɗe baƙin ido idan duhu ya yi ko kyanwa ta tsorata, su ke riƙe fatar ido a sama, su ke tokare ƙwayar ido kada ta koma ciki, su ne kuma ke janye waccan farar fatar, wadda ake kira murfin ido na uku. Abin mamaki shi ne doguwar hanyar da suke bi. Ido da ƙwaƙwalwa maƙwabta ne, amma saƙon ba ya zuwa kai tsaye. Daga ƙwaƙwalwa yakan gangara ta cikin laka har zuwa farkon ƙirji, ya fito tsakanin ƙasusuwan baya, ya juyo ya haura ta wuya kusa da babbar jijiyar jini, ya ratsa ta tsakiyar kunne, sannan ya isa ido. Kamar wayar lantarki ce da ta zagaya unguwa kafin ta shigo gida: in ta tsinke a can bakin titi, ƙwan fitilar ɗaki ne zai mutu, kuma ko ka sauya ƙwai goma wuta ba za ta kawo ba.

Shi ya sa idan aka kai irin wannan kyanwar asibiti, likita kan fara leƙa kunne. A kyanwoyi, ciwon tsakiyar kunne yana cikin manyan dalilai, haka ma wani ɗan tsiron nama da kan fito tsakanin kunne da maƙogwaro, musamman ga ƙananan kyanwoyi. Wanke kunne da ƙarfi ko tiyatar kunne su ma suna iya taɓa jijiyar. In matsalar kunne ce, za ka iya ganin kyanwar tana karkata kai, tana tangaɗi, ko tana yawan sosa kunne. Bayan kunne sai wuya: cizon muzuru a wajen faɗa, ko igiyar da ta shaƙe ta. Sai ƙirji da kafaɗa: idan mota ko babur ya buge kyanwa, jijiyoyin ƙafar gaba na iya fizgewa, sai a ga tana jan ƙafar kuma idon wannan gefen ya sauya. Ƙari a cikin ƙirji ma yakan danne jijiyar. Akwai kuma kyanwoyin da za a bincika tsaf ba a ga dalili ba.

Likita na da dabarar gane inda wayar ta tsinke. Yakan ɗiga maganin fenilefrin a idon ya zauna yana duba agogo. Idan baƙin idon ya buɗe cikin kamar minti 20, matsalar tana kusa, wajen kunne ko bayan ido. Idan ya ɗauki lokaci fiye da haka, sai a mai da hankali kan wuya da ƙirji, a ɗauki hoto.

Abin da zai kwantar wa mai kyanwa da hankali shi ne larurar ita kanta ba ta da zafi, ba ta kuma makantarwa. Kyanwar na gani, sai dai farar fatar ta ɗan tare mata hanya. Idan an magance tushen, ko kuma ba a sami wani mugun dalili ba, sau da yawa idon kan koma daidai cikin makonni ko 'yan watanni, domin jijiya a hankali take warkewa. Wasu kan ci gaba da rayuwa da ɗan sauyin, suna ci suna farautar ɓera ba tare da wata damuwa ba.

Sai dai kada mutum ya yanke hukunci da kansa. Gyambon ido da kumburin cikin ido su ma suna tsuke baƙin ido, su kuwa suna da zafi, kuma suna iya lalata ido cikin kwanaki. Kyanwar da ke runtse ido, tana hawaye, tana gudun haske, a gaggauta kai ta. Kada a ɗiga mata ragowar maganin idon mutane, domin wasunsu na ƙara zurfafa gyambo. Kada a zura tsinke ko auduga a kunnenta. Kada kuma a kuskura a ba ta farasitamol, don guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

A gida, abin da take buƙata kaɗan ne. A tsare ta a wuri mai natsuwa, nesa da titi da faɗan muzurai. A goge kwantsa da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. A lura da cin abincinta, numfashinta da tafiyarta. A riƙa ɗaukar hoton fuskarta da waya duk mako, domin likita ya ga ko ana samun sauƙi.

A wasu gidajenmu, da zarar an ga kyanwa da ido ɗaya daban sai a fara zancen aljanu ko maita, a kore ta da jifa. Wannan zalunci ne a kan dabbar da ba ta da bakin faɗin abin da ke damunta. Jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, manyan garuruwa kuma ba sa rasa likitan dabbobi. Duk ranar da ka ga idon kyanwarka ya sauya, ka kai ta a duba idon, a duba kunne, wuya da ƙirji.