Kuɗin Wuta Na Ƙiyasi: Bazara Daban, Damina Daban

Duk ƙungiyar manoman da ta kai ga mallakar injin niƙa mai aiki da lantarki, ko famfon rijiyar burtsatse na ban ruwan lambu da shayar da dabbobi, lalle ta ci gaba, sai godiya ga Ubangiji. Amma inda wuta ta shiga, takardar kuɗi tana biye da ita. A cikin takardun nan kuwa babu mai ta da hankalin ma'aji kamar ta ƙiyasi, watau wadda aka rubuta ba tare da an duba mita ba, ko don mita ta lalace, ko don mai dubawa bai zo ba. Sau da yawa a kan irin wannan takarda ne 'yan'uwa kan fara zargin juna a wurin taro, alhali babu wanda ya ci ko kwabo.

Har yau mutanenmu Nepa suke cewa, ko da yake sunan ya daɗe da shuɗewa. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sa'an nan ran 1 ga watan Nuwamba na 2013 aka danƙa rarraba wuta a hannun kamfanoni. Jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO, saboda haka Daura da Mai'adua da Sandamu da Zango da Baure duk nasa ne. Hukumar da ke sa ido kan harkar, NERC, ta ba da umarni a watan Fabrairu na 2020 wanda ya sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa wanda ba shi da mita. Amma maganarmu yau ta masu mita ce, waɗanda suke da abin dubawa a baya. Su suna da hujja a hannunsu, in sun san yadda za su tattara ta.

Hanya mafi sauƙi ga mai ƙiyasi ita ce ya ɗauki watannin da suka wuce kusa, a ce uku, ya haɗa, ya raba uku, ya ce ga abin da kuka sha. A ofis wannan daidai ne. A gona ba daidai ba ne. Wane manomi ne zai yarda a yi masa kuɗin gero na watan Agusta da farashin kaka? Shekararmu a nan arewa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Da damina sama ke yin ban ruwa, famfo ya huta, ga hadari yana ka da turaku wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba. Da kaka niƙa ya ƙaru, amma lambu bai kankama ba. Da hunturu tumatir da albasa da latas suna neman ruwa kullum. Da bazara fa, ruwan ƙasa ya yi nisa, famfo ya daɗe yana ja kafin tanki ya cika, shanu da tumaki sun dawo kan rijiya, firji ba ya tsayawa. A Ingila ma kamfanonin gas sukan yi la'akari da lokaci in za su yi ƙiyasi, sai dai nasu nauyin yana kan watannin sanyi, saboda ɗumama ɗaki. Namu yana kan zafi.

YADDA AKE LISSAFIN

Abu na fari littafi ne. Magatakarda ya sami littafi guda, ya riƙa duba mita ran ɗaya ga kowane wata, ya rubuta lambar da ya gani da kwanan wata, wani ɗan kwamiti ya sa hannu a gefe. In ya ɗebe lambar watan jiya daga ta yau, abin da ya rage shi ne yunit ɗin da aka sha. Ƙungiyar da ba ta da littafi ta nemo tsofaffin takardun biya, ta ware waɗanda aka rubuta bisa duba mita, ta bar na ƙiyasi a gefe, domin in aka gina ƙiyasi a kan ƙiyasi ba a san inda za a tsaya ba.

Bari mu ba da misali da lambobin da muka zaɓa don sauƙin lissafi, ba na wata ƙungiya ba ne. A ce bara ƙungiya ta sha yunit 6,000. In aka raba wata 12, kowane wata ya tashi 500. Wannan shi ne tsaka-tsaki. To, da aka duba littafi sai aka ga wata huɗu na damina, Yuni zuwa Satumba, sun ci 1,200, watau 300 a wata. Oktoba da Nuwamba sun ci 900, watau 450 a wata. Disamba zuwa Fabrairu 1,800, watau 600 a wata. Maris zuwa Mayu 2,100, watau 700 a wata.

Yanzu a gwada kowanne da tsaka-tsakin nan na 500. Watan damina kashi 60 ne cikin 100 nasa, na kaka kashi 90, na hunturu 120, na bazara 140. Waɗannan lambobi huɗu su muke kira nauyin lokaci. A rubuta su a bangon littafin daga ciki, gama su ne ma'aunin ƙungiyar.

Sai dai bana ba lalle ta zama kamar bara ba. Wataƙila an ƙara fili, ko masu kawo niƙa sun yawaita. Wannan ma littafi zai nuna. In watannin hunturun bana sun ci 660 maimakon 600, na bazara 770 maimakon 700, aiki ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 ke nan, tsaka-tsakin bana ya zama 550. To, a ce mita ta ƙone a farkon Yuni, ba a sauya ta ba har ƙarshen Satumba. Ƙiyasi na gaskiya shi ne kashi 60 cikin 100 na 550, watau yunit 330 a wata. Wanda ya bi wata ukun baya kawai, zai rubuta muku 770, domin bazara ya gani. Bambancin 440 ne a wata, 1,760 a wata huɗu. Ku dubi kuɗin yunit ɗaya a takardarku ku ninka. Ko da naira 50 ne, an kai naira 88,000 a kan wutar da ba a sha ba, kuma a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin taki da na 'yan ƙwadago suka ci aljihu.

Mu faɗi ɗaya gefen kuma, gama ma'auni ɗaya ne ga mai saye da mai sayarwa. In a watan Maris mita ta tsaya, aka ƙiyasta muku 660 na hunturu alhali 770 kuke sha, kun ci rangwamen 110 a wata wanda ba naku ba ne. Shawararmu ita ce ma'aji ya ware kuɗin ya ajiye, kada a raba shi a matsayin riba.

Akwai abubuwa biyu da kan karkatar da lissafin. Na ɗaya rashin wuta ne. Tun 2020 aka kasa masu shan wuta aji biyar, daga A wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, har zuwa E mai awa 4, kuma ajinku yana cikin takardarku. Alkawari daban, abin da ya iso daban. Don haka magatakarda ya riƙa sa alama a ranar da wuta ba ta zo ba sam. In taransifoma ta yi kwana 10 a lalace cikin wata mai kwana 30, a ɗebe sulusin ƙiyasin: 330 ta koma 220.

Na biyu watan azumi ne. Yawancin masu kawo mana niƙa da masu sayen ƙanƙara maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma kowa ya san yadda ciniki kan tashi a watan nan. Kirsimeti kullum tana cikin Disamba, nauyin hunturu ya riga ya ɗauke ta. Azumi kuwa yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, yana ratsa lokatai ɗaya bayan ɗaya. A yi masa alama daban a littafi, don kada nauyinsa ya manne wa watan da zai bari nan da shekara uku. Wannan ma shi ya sa lissafin shekara biyu ko uku ya fi na shekara guda ƙarfi. Shekara ɗaya tana iya zama ta fari, ko wadda injin ya yi wata biyu a wurin makaniki.

Masu mita mai kati za su ce wannan bai shafe su ba. Ya shafe su ta wajen tanadi. Ƙungiyar da ke karɓar gudummawa iri ɗaya kowane wata za ta ga rara da damina, ta kashe, sa'an nan kati ya ƙare a tsakiyar Afrilu, albasa na tsaye tana jiran ruwa. Haka kuma masu injin ban ruwa na fetur a bakin madatsun Sabke da Daberam: a sa lita a madadin yunit, lissafin bai sake ba, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 babu mai raina lita guda.

In takardar ƙiyasi ta zo ta saɓa wa littafinku, kada a tafi ofis da faɗa, kada kuma a aiki mutum da baki kawai. A rubuta wasiƙa, a sa lambar asusu da lambar mita da ranar da ta lalace, a haɗa da kwafin shafukan littafin da lissafin nan a fili. Shugaba da magatakarda su sa hannu, a kai sashen koke-koke na kamfanin, a karɓo shaidar cewa an karɓa. In ba a daidaita ba, akwai ofishin hukumar da ke sauraron irin wannan ƙara, a can ma takardun nan za su tambaya. Ainihin littafin kuwa kada ya bar hannun magatakarda, kwafi kaɗai ake bayarwa.