Karatu a waje ko a gida: Wanne ya fi buɗe ƙofar aiki?

A duk shekara dubban matasan Najeriya na barin ƙasar domin neman ilimi a Burtaniya da Masar da Indiya da Malesiya da Saudiyya, iyaye kuma na sayar da filaye da gonaki domin biyan kuɗin makaranta.

Fatan da ake yi shi ne yaro ya dawo da takardar da za ta sa a ɗauke shi aiki kafin takwaransa na Zariya ko Maiduguri. To sai dai yadda al'amura ke gudana ya nuna cewa sunan ƙasar da aka yi karatun ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Abin da ake gudu a gida

Babban abin da ke kora ɗalibai waje shi ne ɓata lokaci. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati na kimanin watanni tara a shekarar 2020, da kuma wasu watanni takwas a 2022.

Ɗalibin da ya shiga digiri na shekara huɗu yana iya fita bayan shida. Wannan kuwa ba ƙaramar asara ba ce a ƙasar da wasu bankuna da manyan kamfanoni ke ƙayyade shekarun haihuwa ga sababbin ma'aikata.

Akwai kuma ƙarancin gurbi, musamman a fannin likitanci, da cunkoson azuzuwa, da ƙarancin kayan ɗakin bincike.

Irin waɗannan dalilai ne suka sa gwamnatin Kano a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, ta tura ɗalibai ƙasashen waje, inda rukunin farko ya ƙunshi mutum 501. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin, tare da sanar da ɗaukar nauyin ɗalibai 1,001 a Indiya da Uganda.

Shingayen da ke jiran mai dawowa

Abin da iyaye da dama ba sa lissafawa shi ne, takardar waje ba ta aiki a Najeriya sai ta bi ta wasu ƙofofi.

Likitan da ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Ukraine ba shi da ikon duba maras lafiya har sai ya ci jarrabawar hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Jarrabawar ba ta wasa ba ce: a zaman da aka yi a 2023, fiye da rabin waɗanda suka rubuta ta ba su yi nasara ba.

Wanda ya faɗi sai ya jira wani zagayen, alhali abokinsa da ya gama a Jami'ar Bayero ya riga ya fara aikin sanin makamar aiki a asibiti. Ta haka shekarar da aka tsere wa yajin aiki da ita takan zube a bakin ƙofa.

Haka abin yake ga lauya. Wanda ya karanto shari'a a Ingila sai ya fara da wani zangon share fage a Makarantar Horar da Lauyoyi, inda zai koyi tsarin mulki da dokokin Najeriya, kafin ya haɗu da 'yan gida a zangon ƙarshe.

Sannan ga hidimar ƙasa ta NYSC, wadda ta hau kan duk wanda ya kammala digiri kafin ya cika shekara 30, a gida ko a waje. A watan Satumbar 2018 ministar kuɗi Kemi Adeosun, wadda ta yi karatunta a Burtaniya, ta ajiye muƙaminta saboda taƙaddama kan takardar yafe mata hidimar, ko da yake a 2021 wata kotun tarayya ta ce tun asali ba ta wajaba a kanta ba.

Ba kowace waje ce waje ba

A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, ba tare da ya zauna a aji ba, har ya yi rajistar hidimar ƙasa da shi.

A watan Janairun 2024 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya a shekarar ta ce ta gano takardun bogi fiye da dubu 22 daga ƙasashen biyu.

Abin takaicin shi ne, zargin ya shafi har waɗanda suka zauna suka yi karatu na gaskiya a can.

Yaƙi ma ya nuna nasa haɗarin. Mamayar Rasha a Ukraine a 2022, da faɗan da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, sun katse karatun ɗalibai da yawa, waɗanda aka kwaso zuwa gida suna neman jami'ar da za ta karɓe su.

Inda wajen ke da rinjaye

Duk da haka, akwai fagen da karatun waje ke biyan kuɗinsa. A matakin digiri na biyu da na uku, musamman a kimiyya da injiniyanci, samun kayan bincike da ƙwararrun masu duba aiki na sauya makomar ɗalibi, kuma ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa na girmama takardar jami'ar da suka sani.

A fagen ilimin addini, sunan Azhar ko Jami'ar Musulunci ta Madina na da nauyi a arewa. Sai dai wanda ya yi karatunsa duka da Larabci kan tarar cewa Turanci ne harshen ofis da na jarrabawar ɗaukar aiki.

Ɗan gida kuma yana da abin da ba a rubuta shi a takarda, wato sanin mutane. Abokan aji da malamai da tsofaffin ɗalibai su ne kan fara jin labarin gurbi. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa digirinsa biyu duka na Jami'ar Ahmadu Bello ne, haka kuma a nan Sanusi Lamido Sanusi ya karanci tattalin arziki tun kafin ya shugabanci Babban Bankin Najeriya a 2009.

Lissafin kuɗin ma ya sauya. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura naira 1,500, abin da ya ninka kuɗin makarantar waje fiye da sau uku ga mai biya da naira.

Ita kuma Burtaniya, tun daga Janairun 2024, ta hana akasarin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, in ban da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.