Wa ya kamata a sa wa ankwa a titunan Niyok?

A dokar jihar Niyok ta Amurka, yarinyar da ba ta cika shekara 17 ba ba ta da ikon ba da yardarta ga namiji. Baligin da ya kusance ta ya aikata laifi ko da ta ce ta amince. Amma shekara da shekaru, da zarar kuɗi sun shiga tsakani sai hukuncin ya juye. 'Yar shekara 14 da 'yan sanda suka tsinta da tsakar dare a bakin titi a Bronx ko Brooklyn, ita aka riƙa sa wa ankwa, a gurfanar da ita bisa tuhumar karuwanci, sau da yawa ta ƙare a gidan horon kangararrun yara. Wanda ya biya kuɗin kuwa ya tayar da motarsa ya koma wajen iyalinsa. Abin ya fi ɗaure kai bayan shekarar 2000, lokacin da gwamnatin tarayya ta yi dokar da ta ce duk wanda bai kai 18 ba aka sa shi cikin wannan harka, safararsa aka yi. Sai ya zama yarinyar da aka shigo da ita daga wata ƙasa abar tausayi ce, 'yar unguwar Harlem kuwa mai laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

Wadda ta fi kowa tsayawa kan wannan batu ita ce Rachel Lloyd, 'yar asalin Ingila, wadda ita kanta ta ɗanɗani wannan rayuwa tun tana budurwa. A 1998 ta kafa ƙungiyar GEMS mai kula da irin waɗannan yara a Harlem. Abin da ita da yaran da take kula da su suka riƙa faɗa wa 'yan majalisar jihar a Albany shi ne yadda tarkon yake aiki. Kawali ba da wuƙa yake fara zuwa ba. Yarinya ta gudo daga gidan riƙo ko gidan da ake cin zarafinta, ta sauka a tashar mota ba ta da wurin kwana; wani ya saya mata abinci da tufafi, ya kai ta gyaran gashi, ya ce ta riƙa kiransa baba. Bayan 'yan makonni sai ya ce lokaci ya yi da za ta taimaka da kuɗin haya, ya yanka mata abin da za ta kawo kowane dare, in ta gaza ta sha duka. A 2008 Gwamna David Paterson ya sa hannu a dokar ba wa irin waɗannan yara mafaka, irinta ta farko a Amurka, ta fara aiki a 2010. A 2010 ɗin ne kuma jihar ta ba waɗanda aka yi safararsu damar neman kotu ta goge musu hukuncin karuwanci daga takardunsu, domin wannan tabo ne ke hana su samun aiki da gidan haya, ya sake tura su hannun wanda suka gudu daga gare shi. A 2018 aka cire sharaɗin cewa sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar an yi wa yaro tilas kafin a kama kawalinsa da laifin safara.

Akwai masu ja da wannan tafarki, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wasu 'yan sanda da alƙalai na cewa kamu shi kaɗai ke raba yarinya da kawalinta ko da na dare ɗaya; in aka sake ta, kafin gari ya waye ta koma. Haka ne, da yawa suna komawa, wasu fiye da sau ɗaya. Sai dai a dubi abin da kamun ke koya mata. Kullum kawali na gaya mata cewa ba wanda zai yarda da maganarta, hukuma ma abokiyar gabarta ce, sai ga ankwa ta gaskata shi. Kuma mai gabatar da ƙara da ke neman ta ba da shaida gobe, ta yaya zai samu amincewar wadda aka sa ta kwana a bayan kanta jiya? Kotunan musamman da babban alƙalin jihar na lokacin, Jonathan Lippman, ya buɗe a 2013 sun sassauta, suna tura mata wajen masu ba da shawara maimakon gidan yari, amma ƙofar shigarsu har yanzu kamu ce. Shi ya sa a 2021 babban mai gabatar da ƙara na Manhattan a lokacin, Cyrus Vance, ya ce ofishinsa ya daina tuhumar masu sayar da jikinsu, zai ci gaba da bin masu saye da masu safara.

Hujja ta biyu ta fi nauyi a kunnen Bahaushe: shin wannan ba ba wa alfasha lasisi ba ne? Mazauna titin Roosevelt a Queens, galibinsu baƙi 'yan ci-rani, sun yi ta kukan cewa 'ya'yansu na wucewa ta gaban gidajen banza a hanyar makaranta, har hukumar birnin ta tura ɗimbin jami'ai wurin a Oktoban 2024. Kukansu halal ne. Amma kasuwa da mai saye take tsayawa, kuma shi ne yake da abin asara: suna, aiki, aure. Shari'ar Jeffrey Epstein ta nuna inda sassaucin gaske yake. A 2008 attajirin ya sasanta da masu gabatar da ƙara a Florida, ya yi kimanin wata 13 a tsare, ana ma barinsa ya fita ofis da rana. Sai a 2019, bayan matan da ya lalata suna yara sun ƙi yin shiru, aka tuhume shi a Manhattan. Ya mutu a kurkuku kafin shari'a, abokiyar aikinsa Ghislaine Maxwell ta samu ɗaurin shekara 20 a 2022. Masu fafutukar kansu sun rabu biyu kan mata baligai, wasu na so a halatta harkar baki ɗaya, wasu na bin tsarin Suwidin na 1999 mai hukunta mai saye kaɗai. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma a kan yara dai babu saɓani tsakaninsu.

Raunin Niyok shi ne doka ta riga gado zuwa. Cire ankwa bai ba yarinya wurin kwana ba, kuma ƙungiyoyin sun daɗe suna kokawa kan ƙarancin matsuguni. Wannan gefen ya shafe mu kai tsaye. Idan aka kai samame otal a garuruwanmu na Arewa, fuskokin 'yan matan ne ke yawo a Facebook da TikTok, ba na mai otal ko magajiya ko mutumin da ya kama ɗakin ba. Najeriya tana da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tun 2003, da dokar kare haƙƙin yara ta wannan shekarar, don haka duk wadda ba ta kai 18 ba cikin waɗanda aka kwaso, hurumin wannan hukuma da wannan doka ne. Amma akan miƙa ta ga iyayenta bayan nasiha, alhali wani lokaci daga gidan ne matsalar ta faro, ta hanyar talla, ko auren da ta gudu daga cikinsa, ko wani ɗan'uwa da ba a son a ambaci sunansa.