Kada Amsa-Kuwwa Ta Cinye Maganar Kalangu

Duk malamin da ya taɓa kai 'yan makaranta ziyara Kusugu, rijiyar nan ta birnin Daura inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutane ɗibar ruwa sai ran Jumma'a, ya san ba a rasa yaron da zai leƙa ya yi magana don ya ji rijiya ta mayar masa. Abin da rijiya ke mayarwa shi a ke kira amsa-kuwwa, wannan suna kuwa shi Hausawa suka ara suka ba na'urar da ke ɗaga murya a taro. Sai dai ita na'ura abin da aka zuba mata ta bakin makirufo kaɗai ta ke mayarwa, in an zuba shirme ta ninka shi.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne wata kunya da muka sha a wani bikin ba da kyauta na ɗalibai masu koyon aikin malanta. An gayyato makaɗa, aka rataye makirufo guda can sama da kawunansu, aka murɗe na'ura har ƙarshe. Sai ƙugi da kururuwa. Da aka watse wani dattijo ya faɗa mana ya dai ji ana dukan fata, amma bai gane taken wa a ke yi ba. Tun zamanin En'e, akawu ko malamin makaranta a kan ɗora wa shirin taro, yau ma haka ne, don haka da su mu ke magana.

Dattijon nan ya taɓo inda ciwon ya ke. Kalangu ba ƙara kawai ya ke yi ba, magana ya ke. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, makaɗi kuwa yana matse tsarkiya a hammatarsa fata ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, da haka ya ke bin kalmomin take ɗaya bayan ɗaya. In na'ura ta dagula wannan hawa da sauka, kalmomin sun tafi. Mutanen garin da aka binne Alhaji Mamman Shata a cikinsa a 1999, bayan ya shafe rayuwarsa yana waƙa bisa kalangu, ba su ne za a koya wa wannan ba.

Makirufon da ya dace da ganga shi ne mai maganaɗisu, wanda Turawa ke kira dainamik. A cikinsa akwai tantani siriri, an manna masa naɗin waya ta jan ƙarfe, naɗin kuma yana zaune tsakanin bakin maganaɗisu. Sauti ya bugi tantani, naɗi ya yi gaba ya yi baya, wannan motsi ya haifi 'yar wutar lantarki mai bin siffar sautin. Asalin ilmin Michael Faraday ya gano shi a Ingila cikin 1831. Ba ya bukatar batir, yana jure zafi da faɗuwa, kuma dukan ganga komai ƙarfinsa da wuya ya shaƙe shi. Ɗan'uwansa da a ke kira kwandensa ya fi shi kunne, amma sai an ba shi wuta, galibi bolt 48, kuma a fili yakan kwaso har tarin wanda ke bayan rumfa.

Wanda ya fi suna a wannan aiki shi ne SM57, na kamfanin Shure da ke jihar Illinois a Amurka, ya fito cikin 1965. Yana kama sauti daga girgiza 40 zuwa 15,000 a sakan guda. Tun zamanin Lyndon Johnson irinsa a ke kafa wa shugabannin Amurka in za su yi jawabi. Babban amfaninsa gare mu shi ne gabansa ya ke ji, gefe kaɗan-kaɗan, bayansa kuwa kusan kurma ne. Saboda haka a juya bakinsa ga ganga, ƙeyarsa ga lasifika. Kukan nan mai huda kunne yana tashi ne in makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata, suka yi ta zagaye.

Sa'an nan batun nisa, wanda nan ne muka yi kuskure. A fili, in aka ninka nisa tsakanin ganga da makirufo, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yakan koma rubu'i. Mai na'ura sai ya ƙara murɗawa don ya cike giɓi, kuka ya biyo baya. Magani shi ne a matso. Ga kalangu mun ga kamu ɗaya ya isa, a kafa sanda daidai ƙugun makaɗi, bakin makirufo ya dubi fatar da a ke duka ta gefe, inda gula ba za ta same shi ba. Kada kuma a manna shi da fata, gama irin wannan makirufo in ya kusanci abu ƙwarai yakan kumbura ƙasan sauti, muryar kalangu ta yi kauri kalmomi su cakuɗe. Wahalar ɗaya ce: makaɗin kalangu ba ya tsayawa wuri guda, in kiɗa ya yi daɗi sai ya bi mai rawa. Mu dai mukan shata masa wuri da alli a ƙasa, mu roƙe shi da girmamawa, wani lokaci ya bi, wani lokaci ya manta. Kurkutu mai kaifin murya ne, in an ba shi nasa makirufo a rage masa ƙarfi don kada ya danne babban.

Tambari kuwa sha'aninsa daban ne. A ganinmu tambari da kakaki ba su bukatar lasifika ran hawan Sallar Gani, domin tun asali an yi su ne don a ji su daga nesa. In za a kafa musu makirufo, don ɗaukar sauti ne a ajiye wa na baya. Muryar tambari tana ƙasa-ƙasa, a nan MD 421 na kamfanin Sennheiser na Jamus, wanda ya fito cikin 1960, ya fi kamo ta. Kuma kayan sarauta ne: a nemi izinin Sarkin Tambura tukuna, kada a ɗaura kome a jikinsa.

Saura jita mai lantarki, wadda samari suka ɗauka, musamman da kiɗan Buzayen Agadas irin na Bombino ya bazu, ga shi ƙasar Daura ta yi iyaka da Nijar ta wajen Mai'aduwa da Zango. Ita jita rabin muryarta a akwatinta ya ke, watau na'urar da ke ƙara mata sauti, saboda haka akwatin a ke kafa wa makirufo. A sa shi inci 1 ko 2 daga ragar gaba. In ya dubi tsakiyar lasifikar da ke ciki sauti ya yi kaifi, in aka gusa shi wajen gefe ya yi taushi. Gusawar inci guda takan sāke sauti fiye da murɗe-murɗe goma. In jita da kalangu za su haɗu, a gusa wajen gefe, a kuma juya akwatin ya ba makaɗa baya, don kaifin jita kada ya hau kan take.

Ga akawun da zai sayo, ya sani jabun SM57 sun yi yawa a kasuwa, arha mai yawa abin tuhuma ce, a gwada kafin a biya. Ga mai ajiya kuma, ƙurar hunturu takan shiga raga ta zauna kan tantani, sai a riƙa mayar da shi jakarsa bayan kowane taro. Kafin jama'a su taru, a aika dattijo guda wanda ya san take can ƙarshen fili, a ce makaɗi ya buga. In ya faɗi sunan mai taken, a bar na'ura yadda ta ke.